Kwamfutar Baba da Man Zafin Inna

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da na sa dangin Baba kaf suka yi ta hawaye a zaurenmu na Basirka. Ba wa'azi na yi musu ba, kwamfuta kawai na kunna.

Ni ce 'yar da Baba ya tura Dutse karatun kwamfuta, alhali ƙannensa, musamman Kawu Sale, suna ta cewa gidan malamai irin namu bai gaji wannan ba, gara in karanci ungozoma. Baba bai yi musu da kowa ba, ya dai ce a bar ni. Da na gama na dawo, sai ya shiga kirana Injiniya ko a gaban baƙi. (Ni kuwa in amsa da ƙarfi, har da gyara mayafi.)

A shekarar, manyan ɗaliban Islamiyyarsa za su zauna jarrabawar shiga jami'a, wadda a kwamfuta ake yi, da yawansu kuma ba su taɓa dafa ta da hannunsu ba. Na ce wa Baba kada ya wahalar da kansa da sabuwa, ni zan haɗa masa mai sauƙin kuɗi da kayan hannu. Ya ji daɗi ƙwarai. Na kuma gane a fuskarsa cewa ya samu amsar da ya daɗe yana son bai wa Kawu Sale.

Na tafi Kano na tsinto kaya. Na ga wani furosesa mai ƙarfi da arha, na cafke shi ba tare da na duba ko madabod ɗina zai karɓe shi ba. (Furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, madabod kuma falankin da yake zama a kai. Wannan a ajin farko aka koya mana, ina kuma ajin.) Da na iso gida na juya shi gabas, na juya shi yamma, ya ƙi zama a gurbinsa. Zamaninsu ba ɗaya ba ne. Haka na koma a ɓoye na canjo tsoho, na ce wa Inna biki na je.

Wannan ya zauna daram. Sai dai in kwamfutar ta ɗan yi aiki, fankarta ta hau gurnani, komai ya koma jan ƙafa, can sai ɗif. Na buɗe na ga man tokan da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke zuƙe masa zafi ya bushe kamar ƙanzo. Wallahi na gano cutar daidai, a ba ni wannan. A wajen magani ne na tafka ta.

Ba a sayar da man a Basirka, na buga waya Gwaram aka ce sai Birnin Kudu. Ga shi safiyar Juma'a ce, Baba kuma ya riga ya shaida wa kowa su zo bayan la'asar su ga aikin Injiniya. Mai hankali zuwa za ta yi ta ce, Baba, a ɗaga zuwa jibi. Ni na kasa, saboda ba na son Kawu Sale ya yi wannan murmushin nasa. Ina ta safa da marwa a ɗakin Inna sai idona ya faɗa kan gwangwanin man zafinta. Na ce a raina, ai in an shafa shi a goshi sanyi ake ji. Na lakato da yawa, ban yi rowa ba.

Aka cika zaure, dattawa a tabarma, ɗalibai a tsaye, mata suna leƙe ta bayan ƙofa. Baba ya yi addu'a, na danna. Ta kawo tar. Har na fara bayani da Turanci.

Sai fanka ta ɗau zafi, ta fara feso wa jama'a abin da na shafa. Liman ya yi atishawa. Kawu Sale, da ya matso ya kusa cusa hancinsa a ciki don neman aibu, ya ja baya yana share ido da hannun riga. Kwamfuta ta daskare, ta yi gurnaninta, ta mutu. Kowa a zaure sai jan hanci yake yi.

Ana cikin haka ne muryar Inna ta fito daga bayan ƙofa: "Au, ashe nan man zafina ya tafi."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba dariyar da ta ɓarke ce ta dame ni ba, Baba na kasa kallo. Kawu Sale har ya buɗe baki zai yi magana, sai Baba ya ja numfashi mai tsawo ya riga shi.

"Alhamdu lillahi. Tun da damina ta faɗi hancina yake toshe, yau ya buɗe. Injiniya, sauran aikin kuma yaushe?"

Na ce jibi. Ya ce to kowa ya dawo jibi. Washegari shi da kansa ya raka ni Birnin Kudu, bai tayar da zancen a mota ba ko sau ɗaya. Na wanke furosesa tas, na sa man gaskiya, kwamfuta ta yi aiki lafiya lau har ɗalibai suka gama koyo.

Na dai koyi cewa sanyin da goshi yake ji ba ya isa ga furosesa, kuma "a ɗaga zuwa jibi" ba ta kashe kowa. Har yau in mura ta kama Kawu Sale sai ya aiko a tambaya ko zan kunna kwamfuta. Amma na lura, a saƙon nasa, shi ma Injiniya yake cewa.