Ranar da Na Kulle Takardar Rijiyar Garinmu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranin da na kusa hana ƙauyenmu rijiyar burtsatse, alhali taimako na je yi.

Bayan na yi ritaya na dawo gida wajen Tofa, sai ƙungiyar ci gaban gari ta sa ni cikin masu rubuta takardar neman rijiyar. An ajiye takardar a wata manhaja ta intanet, kowane ɗan kwamiti yana iya shiga ya gyara. Ni aka ba duba Turancin, tunda na zauna a Abidjan da Khartum da Jidda (kuma ban taɓa barin kowa ya manta da hakan ba).

Na shiga na yi gyare-gyarena. Zan fita sai na ga wani maɓalli mai suna "cek-aut". To, ni da na kwana a otal-otal na duniya za a koya wa cek-aut? In ka gama, ka miƙa makulli ka kama gabanka. Na danna, na rufe kwamfuta, na tafi kai taki gona.

Ashe a manhajar nan, cek-aut kulle takarda ne, don kada mutum biyu su tattake aikin juna. Ba mai iya taɓa ta sai wanda ya kulle ya dawo ya yi "cek-in". Wato a otal makulli kake miƙawa, a nan kuwa aljihu kake jefa shi.

Ana gobe za a rufe karɓar takardu muka taru a ajin firamare. Sakatarenmu Malam Habu, tsohon hedimasta kuma taubashina, ya ce kwana da kwanaki takarda ta ƙi gyaruwa, ga sunayen unguwanni ba a saka ba. Sai na miƙe na gyara babbar riga.

"Wannan rashin tsari ne irin namu! A Abidjan wanda ya yi haka ko shayi ba za a sake sha da shi ba."

Malam Habu ya ce, "Zauna, Alhaji, ai na'urar tana faɗin wanda ya kulle."

Ya juyo da kwamfutar. Sunana ne, har da hotona a bakin teku da baƙin tabarau.

Da a nan aka tsaya da na gode Allah. Amma manhajar tana adana kowane tsohon kwafi, har abin da mutum ya goge. Habu ya buɗe nawa, ya karanta da ƙarfi shafi guda da na ƙara a kan rijiyoyin Sudan, sannan layin da na rubuta na kuma goge saboda kunya: "Wanda ya tace: masanin harsuna biyar."

Hajiya Ladi, shugabar mata, ta ce, "Alhaji, mu fa ruwa muke nema, ba biza ba."

Aji ya ɗauki dariya. Nan take na yi cek-in, aka dawo da kwafin farko da Habu ya rubuta, aka saka unguwanni, aka aika. Rijiya ta samu, alhamdu lillahi.

Tun daga ranar, kafin in zagi mai laifi a gaban jama'a, sai na fara tambaya a hankali ko na'ura ta san sunansa.