Rasuwar Baƙar Saniya, Wadda Ba Ta Taɓa Makara Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Liao Bun-hiong, a madadin ƙungiyar wasan 'yartsana ta gidanmu da ke garin Huwei, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarmu ta watsa hoto kai tsaye, wadda muke kira Baƙar Saniya. Rai ya yi halinsa ranar Talata da misalin ƙarfe uku na rana, a ƙarƙashin teburin da muke ajiye kawunan 'yartsana. Ta yi shekara goma sha ɗaya a duniya, biyar a hannun wani mai cire haƙori da ya rufe shago, shida a hannuna. Ina zaton ta fi jin daɗin biyar ɗin farko.

Ga waɗanda ba su san aikinta ba, mahaifina ne ya yi shekara arba'in yana riƙe da gangar wannan ƙungiya, shi ke ba kowa lokacin shiga da fita. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, aka kai shi gidan jinya a Taipei, kusa da 'yar'uwata, Yaya Siu-gim. Ba a yi wata ba ya daina cin abinci. Sai na ce zan kai masa dandalin har gado, ni da sana'ata gyaran injin kwafe takardu ce. Wata huɗu na yi ina saita kwamfutar, ina bin bayanan da yara 'yan shekara ashirin suka rubuta a intanet, kowanne yana farawa da cewa abin ba wuya. A cikin saitinta na buɗe ƙofofin da ya kamata na rufe, na rufe waɗanda ya kamata na buɗe, sau biyu ina kulle kaina a waje. A ƙarshe ɗan hoton kwaɗon kulle ya bayyana a saman shafin da na haɗa masa, alamar ba mai leƙe, domin Baba ya ce bai yarda wani bare ya ga bakinsa a karkace ba.

Daga ranar, kullum ƙarfe biyu mai jinya za ta buɗe masa shafin. Yana ganin masu gwajin wasan, suna jin sa. Da hannunsa mai lafiya yake buga cokali a ƙarfen gado, Kawu A-tiong mai ganga yana bin sa. Tsakanin cokalin da kunnen Kawu bai kai rabin daƙiƙa ba. Wannan rabin daƙiƙar ita ce duk abin da na taɓa yi a rayuwata wanda Baba bai ce a sake ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha ƙurar katako, hayaƙin sigarin Kawu da zafin watan bakwai ba ta ce uffan ba, sai dai gurnaninta na kullum, "wuuuu", da ɗan "tit" guda idan an tashe ta. Ba ta taɓa ɓoye zagi ba. In Baba ya ce, "A-tiong, hannunka ne wannan ko jelar kifi?" haka za ta isar da shi da zafinsa. Kawu ya amsa, "Yaya, kana kwance ma ba za ka bar mutum ya huta ba?" Ranar da aka yi irin wannan, Baba kan cinye shinkafarsa tas.

Game da jinyarta, gara ku ji daga bakina. Kamar kowace na'ura a ƙasar nan, tana da koriyar ledar gugguru a kanta, don ta yi biyayya. Kowa ya san ƙa'idar: koriya kawai, kada kwananta ya wuce, kuma ba a ci. Ranar Asabar na tsallake abincin rana, na duba ledar, na ga saura kwana tara ta lalace, na ce wa kaina asara ce. Na cinye. Na je shago ban sami koriya ba, na sayo rawaya, na kife ta don kada a gani. Kawu ya gani.

"Bun-hiong, rawaya ka ɗora mata? Da girmanka?"

Na ce masa ni mutumin ilimi ne, gugguru ba ya riƙe wuta. Lahadi ta fara tari, "ƙirr-tak, ƙirr-tak". Litinin hoto ya riƙa daskarewa. Talata ta yi "tit, tit, tit" sau uku, wari ya tashi kamar an ƙona gashi, shi ke nan. Mai gyara ya buɗe ta ya ce faifan ajiyarta ya daɗe yana mutuwa, gugguru ba ruwansa. Sannan ya kalli rawayar ledar. Ya tambaye ni ina kwafin saitin da na yi. Na ce na adana shi da kyau. Ya ce a ina. Na nuna masa gawar.

Ta rasu ta bar kyamara ɗaya, lasifika mai tsatsa, wayoyi bakwai da ban san aikin uku daga cikinsu ba, da wata takarda da na rubuta kalmar sirri wadda yanzu ba ta buɗe komai. Ta kuma bar tsoho ɗaya da cokalinsa.

Masu ba da shawara, na gode. Mun gwada babban shafin bidiyon da kowa ke amfani da shi. Hoton yana isa Taipei bayan daƙiƙa ashirin. Baba ya buga wa jarumin wasan shigowa alhali an riga an sare masa kai. Ya buga sau uku, ya ajiye cokalin, ya ce wa Yaya Siu-gim, "Ke, ko na mutu ne ba ku gaya mini ba? Ina bugawa, su sun wuce." Ya ce a mayar masa da shafinsa na da. Masu cewa na sake haɗa wata, wata huɗu na yi a karon farko, lokacin ina ganin ƙananan rubutu. Likita kuwa, da Yaya ta tambaye shi, makonni kawai ya ƙirga wa Baba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis mai zuwa da ƙarfe biyar da rabi na yamma, a bakin layinmu, idan motar shara ta zo da kiɗanta. Za a miƙa gawar ga ƙaramar motar da ke bin ta, mai kwasar ƙarafa. Kawu A-tiong zai buga ganga, ba mai gyara masa. Kada kowa ya kawo furanni. Kada kuma a kawo koriyar leda, an makara.

Daga nan zan hau jirgin ƙasa zuwa Taipei. Ba a gaya wa Baba ba tukuna. Jiya ma ƙarfe biyu ya sa an buɗe masa shafin, ya zauna da cokali a hannu yana kallon baƙin allo har huɗu, sannan ya ce wa mai jinya yaran nan sun fara lalaci, gobe zai ci musu mutunci. Duk wanda ya san yadda ake faɗa wa tsoho irin wannan magana, kujerar kusa da tawa babu kowa.