Mai Surutu Ya Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu goma da suka rasa masauki, ni Naziha, mai shagon buga takardu a layin teloli da ke Gwadabawa, Jimeta, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokin zamana, kibod ɗin kwamfutata da unguwa ta sani da suna Mai Surutu. Ya cika ranar Talata da hantsi, a kan teburinsa, bayan jinyar wata biyu. Shekararsa goma sha biyu a hannuna. Shekarunsa na baya Allah kaɗai ya sani, don ɗan gwanjo ne, da furfurarsa ya zo mana.

Marigayin ba irin na yanzu ba ne, masu laushi kamar burodi. Kowane maɓalli nasa da ɗan ƙarfensa a ƙasa, ka danna ya amsa maka: ƙwas. In aiki ya yi zafi kuwa, ƙwas-ƙwas-ƙwas-ƙaras, har keken ɗinkin maƙwabta sai ya ji kunya.

Mijina Hamajoɗa, mai gyaran kwamfuta da aiki ke yawan kai shi Mubi, shi ya zaɓe shi a shekarar 2013, wata uku da aurenmu. Apollos mai kayan kwamfuta a kasuwar Jimeta ya jera mana guda uku: mai shiru, mai ɗan motsi, da wannan. Ni mai shirun na so, don ya fi kama da na ofis. Hamajoɗa ya ce in yi ta danna wannan, ya fita har bakin titi, ya dawo yana dariya. "Shi za mu ɗauka," in ji shi. "In na sauka daga motar Mubi, tun daga titi zan san kina ciki."

Aibi ɗaya marigayin ya zo da shi: karatun Turawa ya yi, bai san harafin ɗ ba. Hamajoɗa kuwa ba ya wasa da ƙugiyar sunansa. Ya kan ce duk wanda ya rubuta Hamajoda, can da shi, wani yake kira. Sai ya nemi wani maɓalli a gefen dama da ba mai taɓawa, ya koya masa ɗ, ya zana harafin a kai da jan farcena. Na yi masa faɗa a kan jan farcen, ina ma ban yi ba.

Muna shaidar marigayin da haƙuri da riƙon amana. Ya sha shayi sau biyu, kunun gyaɗa sau ɗaya, bai taɓa yin fushi ba. Takardar neman aiki, furojet ɗin ɗalibai, katin biki, wasiƙar da mai ita ke faɗa yana sunkuyar da kai, duk sun bi ta kansa, kuma duk surutun nan nasa bai taɓa tona asirin kowa ba. Mutum ɗaya ya saɓa wa, Madam Hilda tela, wadda bango ɗaya ya raba mu. Kullum sai ta leƙo ta ce, "Naziha, wannan abu naka zai kashe ni da ciwon kai." Yau ta fi kowa kuka.

A ƙarshen watan goma na 2014 Hamajoɗa ya tafi Mubi gyaran kwamfutocin wata makaranta. Ranar Litinin ya tafi, ya ce sai Alhamis. Ranar Laraba garin ya faɗa hannun 'yan bindiga. Jama'a suka kwararo Yola, wasu a mota, da yawa a ƙafa, kowa da sunan da yake nema. A watannin nan marigayin ya yi aikin da bai taɓa yin irinsa ba. Ya buga sunayen 'ya'ya, ya buga na iyaye, ya buga na mai gidansa fiye da na kowa. Sau uku ina ganin Hamajoda marar ƙugiya a takardun sansanin 'yan gudun hijira, sau uku ina zuwa da gudu. Gaskiyarsa ce, wani ake kira.

Ba a ga gawa ba, ba a ji murya ba. Ban yi takaba ba, ba wanda ya zo mini gaisuwa, don ba wanda ya san abin da zai ce. Shekara goma sha ɗaya ke nan ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba. Yayana ya samo mini aiki a Gombe, na ƙi. Aka yi mini tayin shago babba a kan titi, na ƙi, don wannan ƙofar Hamajoɗa ya sani. Ranar da babu aiki sai in zauna in yi ta buga abin da ba shi da ma'ana, don dai ƙarar ta kai titi. Marigayin ya san duk wannan, bai taɓa tambayata dalili ba.

Ciwon ajalinsa ya fara ne bayan na kai wa Dada, mahaifiyar Hamajoɗa, gaisuwa a Wuro Hausa. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɓingel am, ɗiyata, ya isa haka. Je ki wurin alƙali ya raba auren nan. Ni na yafe miki." Irin takardar nan na buga wa mata da yawa, na san ta da ka. Na dawo, na zauna, na buga sunana, na buga na kotu. Na zo kan sunansa: ƙwas sau shida, Hamajo. Na danna na bakwai, shiru. Na sake dannawa, shiru. Na san akwai hanyar da ake bi a zaƙulo harafin daga cikin kwamfuta, ni nake koya wa mutane ita. Ban bi ba. Na kuma ƙi sa d marar ƙugiya, don ba zan nemi rabuwa da mutumin da ban aura ba. Daga nan sauran maɓallan suka bi ɗan'uwansu ɗaya bayan ɗaya. Apollos ya buɗe shi, ya duba, ya girgiza kai ya ce a yi haƙuri.

Marigayin ya rasu ya bar kwamfuta ɗaya mai hawan jini, firinta mai tarin fuka, maus gurgu, da takarda guda da ta tsaya a kan Hamajo. Ya kuma bar ni.

Masu tambayar wa zai gaje shi, su yi mini uzuri. Apollos, wanda shi ma ya yi furfura, ya sake jera mini guda uku, sababbi fil, har da masu fitila kamar motar biki. Ya ce mai launin ja a ƙarƙashin maɓallansa shiru ne, mai ruwan ƙasa tsaka-tsaki, mai shuɗi ɗan gidan marigayi ne wajen baki. "Madam, ka zaɓa wanda ya dace da buƙata naka kawai." Sau uku ina zuwa ina dawowa hannu wofi. In na ɗauki mai shiru, na faɗa da bakina cewa ba mai sauka daga motar Mubi. In na ɗauki mai ƙara, na sake kulle kaina a shagon nan da hannuna. Na gaji, wallahi na gaji, kuma har yau ban san buƙatata ba.

Za a yi wa marigayin wanka da burushi ranar Juma'a da safe, a naɗe shi a farar rigar matashi, a sa shi a kwalin da muka sayo shi a ciki a ƙarƙashin teburin da ya yi wa hidima. Maɓallin ɗ kaɗai ba zai bi shi ba, yana cikin jakata. Zaman makoki kwana uku ne, a ƙofar shago. Madam Hilda ta ba da benci, Dada ta ce za ta zo. Ina roƙon kowa ya daure ya leƙo, ko na minti ɗaya ne. Duk wanda ya ce mini Allah ya jiƙansa zan ce amin, kuma ba zan tambaye shi wa yake nufi ba.