Yadda Ake Jinyar Mage da Rabin Albashi

Idan ke ma'aikaciyar ƙungiya mai zaman kanta ce, irin wadda ake biya kuɗin rabin yini amma ake nema har faɗuwar rana, kuma kina da mage marar lafiya a ɗaki, to ki gyara zama. Hanyar da zan koya miki an gwada ta a kan wata baiwar Allah da na sani sosai. Ina ba ki tabbacin cewa idan kika bi ta sau da ƙafa za ki ga ƙarshen wata da magenki a raye, da katin aiki a wuya, da ɗan abin da ya rage na mutuncinki. Ban ce zai yi yawa ba.

1. Ki bar mutanen gida da abin da suka fahimta

Umma ta ga hotonki kin jingina da farar mota mai tambari, ta riga ta nuna wa maƙwabta. Kada ki gyara mata. Ai ba ƙarya kika yi ba, motar ta ofis ce, ke ma ta ofis ce. Idan ta tambayi ma'anar "jami'ar tallafa wa shirye-shirye", ki ce sai an zauna. Babu amfanin ta san cewa jera kujeru ne da haɗa majigi.

Yayarki kuwa duk ranar da kika ambaci ciwon za ta ce, "Mage ce fa." Ki ce to. Kada ki ɓata bakinki wajen bayanin cewa shekara da shekaru ita kaɗai ce ke jin ƙarar makullinki ta taso. Baiwar Allahn nan sunan tata magen Kodineta, saboda takan haye kan takardu ta yi barci a lokacin aiki kuma ba wanda ya isa ya tashe ta.

2. Kada taron bita ya wuce ki

Ko na mene ne, ki je. Ki riƙe jaka babba, ki zauna a baya kusa da inda ake ajiye robobin abinci. Magana sau ɗaya ta ishe ki: ki ɗaga hannu ki ce kina so ki ƙara a kan abin da 'yar'uwa ta faɗa, sai ki maimaita shi da sautin wadda ta yi tunani. Za a tafa miki.

A kowane taro akwai babban mutum da zai tafi kafin a ci abinci don a san yana da wani taron. Robarsa rabonki ce. Masana sun ce wannan ba kwaɗayi ba ne, yaƙi da almubazzaranci ne. Ta haka baiwar Allahn ta daɗe tana ciyar da Kodineta da soyayyar kaza ta otel, har tana alfahari a ranta cewa ko ita ba ta samu cikakken aiki ba, magenta dai tana cin abincin manya.

3. A gaban likitan dabbobi, ki nemi abin kallo

Wata rana za ki ga mage ta koma bakin kwanon ruwa da zama, tana sha kamar an aiko ta, ta rame har kina jin ƙashin bayanta, kuma kin miƙa mata cinyar kaza ta kau da kai. Ki naɗe ta a tawul ku tafi.

Likita zai tambayi abin da take ci. Baiwar Allahn nan da murmushinta ta lissafa masa, kaza, nama, wani lokaci har kifi. Ya tambayi wanda ke dafawa, ta ce otel. Sai ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Ya ce ƙodar ce ta gaji, ya ce tsufa ma yana ciki, ba zai ɗora laifin duka a kan abinci ba, amma gishiri da albasar da ake zuba wa girkin mutane ba abin da mage za ta riƙa ci ba ne. Robar ƙarshe da ta kawo gida kuwa daga taron wayar da kai ne a kan ingantaccen abinci mai gina jiki, kuma ita ce ta manna fastocin a bango.

Kunya za ta rufe ki, baƙin ciki ya biyo baya, kuma baƙin cikin ya fi. Shawarata ita ce ki kafe idonki a kan hoton tsutsar cikin kare da ke bangon likita, ki karanta shi tun daga sama har ƙasa, sai hawayen sun koma. Abin ƙyama ne, amma yana aiki.

4. Ku yi musayar kwano

Daga yau abincin gwangwani na masu ciwon ƙoda, wanda kuɗinsa ke sa mutum ya sake duba aljihu, na Kodineta ne. Robar taron bita taki ce, safe da yamma. Taki ƙodar ba ta cikin kasafin bana.

5. Ki mallaki sito

Matsalar ita ce magen ba ta ci da kanta. Sai an dama abincin an ɗura mata da sirinji ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, har da tsakar rana. Kwantiraginki ya ce da tsakar rana kin tashi, amma Madam, shugabar ofis, daidai lokacin ne zama na gaggawa ke zuwa mata. Saboda haka ki huda kwalin ƙasidu, ki shimfiɗa tsumma, ki zo da mage ofis.

Sito ne wurinki. Ba mai shigarsa, domin duk wanda ya leƙa sai an ba shi kaya ya ɗauka. Ki riƙa yawo da salatif a hannu da alƙalamin maka a bayan kunne, kina sauri, fuska a ɗaure. Duk wanda ya kira ki ki ce, "Ina sito," ba tare da kin waiwaya ba. Idan magen ta yi kuka a ciki, ki yi tari. Cikin ɗan lokaci za a fara cewa ke ce mai ƙwazon ofis, abin da shekarun jera kujeru ba su jawo miki ba.

6. Idan asiri ya tonu, ki yi shiru

Ranar da masu ba da tallafi suka zo duba aiki, Madam za ta so ta nuna musu komai har da inda ba a share ba. Haka ta tura ƙofar sito da baƙi a bayanta, suka tarar da baiwar Allahn zaune dirshan a kan tsohon ƙyallen banar ƙungiya, Kodineta a naɗe cikin rigar taro mai tambari, abinci ya ɓata musu gaba su biyun.

Baiwar Allahn ta ajiye sirinjin. Ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, sai ɗaya daga cikin baƙin ta durƙusa tana shafa kan magen, tana tambaya ko wannan ma cikin shirin ne. Madam ko ƙifta ido ba ta yi ba ta ce eh, sabon tsari ne na kula da walwalar ma'aikata, ana gwada shi ne tukuna. Aka ɗauki hoto. Darasin a nan shi ne duk abin da zai iya shiga rahoto ba laifi ba ne, muddin ba ke kika fara magana ba.

7. Yadda ake mayar da abin da aka daɗe ana roƙo

Bayan baƙi sun tafi Madam za ta aiko a kira ki. Ki shiga da shirin kora, ya fi sauƙi. Baiwar Allahn ta shiga, sai Madam ta ce ta zauna. An sabunta tallafi, an buɗe gurbin cikakken aiki, albashi cikakke, kuma ita ake so. Sai dai aikin na fita ne, makonni a hanya cikin farar motar nan, kuma sati mai zuwa za a fara.

Wannan shi ne abin da take addu'a a kai tun ranar da aka rataya mata kati. Ta yi murna, ba za a ɓoye ba, har ta hango kanta tana kiran Umma. Sannan ta tuna Yaya ta riga ta ce ba za ta taɓa mage ba, likita kuma da kansa ya gwada sirinjin amma Kodineta ta datse baki, a hannun mutum ɗaya kawai take karɓa.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, na gode, amma ba zan iya tafiya yanzu ba."

Madam ta dube ta. "Saboda magen?"

"Saboda ita."

"Kin san ba daɗewa za ta yi ba, ko?"

"Na sani. Shi ya sa."

Madam ta juya biro a hannunta, ta ce gurbin ba zai jira ba. Baiwar Allahn ta ce ta sani. Da za ta fita Madam ta ƙara da cewa ta riƙa buɗe tagar siton, akwai zafi a ciki. Wata aka bai wa aikin, kuma baiwar Allahn ce ta jera kujerun liyafar taya ta murna. Ta kawo roba biyu gida.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba likita ba ce, ba ƙwararriya ba ce a kan neman aiki, kuma duk wanda ya duba rayuwarta zai gane haka. Ba ta ɗauki alhakin hawan jinin da robobin taro za su sa miki ba, ko kallon da Yayarki za ta yi miki idan ta ji abin da kika mayar, ko gashin magen da ba ya fita daga baƙar riga. Tabbacin da aka bayar a sama na wata ɗaya ne, ba a sabunta shi sai an ga yadda magen ta kwana.

Idan kuma wata rana kika dawo kika buɗe ƙofa kika tarar ba ta motsi, don Allah kada ki neme ni ki tambayi mataki na takwas. Ban san shi ba, kuma ba na so in sani tukuna.