Jirgin Yaƙina da Akwatunan Alhaji Sanda

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kwanta rub da ciki a tsakiyar wata tashar jirgin ƙasa a Paris ba, cikin kwat ɗin aro, ɗan sanda ya danne min baya da gwiwa. Na so in manta, Allah ya sani, amma mutanen Damagaram ba sa barin mutum ya manta da irin wannan.

Bari in fara daga jirgin yaƙin da ya ja min wannan. Lokacin ina shekarar ƙarshe a makarantar injiniyoyi a Villeurbanne, gefen Lyon, kuma aikin kammala karatuna a kan jiragen saman Yaƙin Duniya na Biyu ne, irin waɗanda ke tashi daga bayan jirgin ruwa ɗauke da torpil. Torpil wani dogon bam ne mai farfela a wutsiya, ana sakinsa cikin teku ya yi ta gudu a ƙarƙashin ruwa har ya fasa cikin jirgin abokan gaba. (Eh, na sani. Yaron da bai taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi, shi ne ya zama malamin yaƙin teku.)

Abin ya shiga raina fiye da kima. Wanda na fi so shi ne wani tsohon jirgin Ingila mai suna Swordfish, mai fukafukai hawa biyu, jikinsa lulluɓe da yadi, mutum uku a ciki kawunansu a waje iska na dukansu. Tun kafin a fara yaƙin ake masa kallon tsohon yayi, amma shi ya lalata wa wani ƙaton jirgin yaƙin Jamus sitiyari har aka samu damar nutsar da shi. Fukafukansa naɗewa suke yi zuwa baya, saboda wurin ajiya a cikin jirgin ruwa ba shi da faɗi. Kuma duk jiragen wannan aiki matsalarsu guda ce: kafin su saki torpil dole su sauko ƙasa-ƙasa, su rage gudu, su miƙe sak ba kauce-kauce, ga nauyi a ƙarƙashin ciki. Daidai lokacin nan ake harbo su. Akwai ranar da Amurkawa suka aika da irin nasu a tekun Pasifik, kaɗan ne suka dawo.

Duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da ni a taram, jirgin ƙasan cikin gari, sai ya sha wannan bayani. Har a walimar suna a unguwar Les Minguettes na taɓa tsare wani bawan Allah da labarin yadda Japanawa suka ɗaura wa torpil ɗinsu fiffiken katako don kada ya nutse ya caki laka a ruwa marar zurfi. Shinkafarsa ta huce a hannunsa.

Na ƙera ɗan ƙaramin Swordfish da hannuna, tsawonsa kamar damtse da rabi. Fukafukan na naɗewa da kansu, a ƙarƙashinsa ga torpil na gwangwanin alminiyam, ga batir, ga wayoyi ja da baƙi. In ka danna rimot sai fukafukan su buɗe, ka sake dannawa torpil ya faɗo. Malamina ya aika hotonsa ga wani ƙaramin kamfani a bayan Paris da ke ƙera jirage marasa matuƙi masu naɗe fiffike, suka ce in zo da shi su gani. Mutum ɗaya za su ɗauka aiki. Takardar zamana ta ɗalibi kuwa ta kusa ƙarewa, in ban samu aiki ba ko dai in koma gida hannu rabbana ko in san yadda zan yi. Rayuwata gaba ɗaya tana cikin wata doguwar baƙar jaka da na sa jirgin a ciki.

Maƙwabcin ɗakina, Bulus, ɗan Jos ne mai karatun harhaɗa magunguna. Shi ya ara min kwat. Da ya ga ina zuge jakar sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Mutumina, tsaya in gane. Kai baƙi ne, sunanka na Musulmi, ga gemu, kuma za ka shiga jirgin ƙasa da abu mai waya da batir. Intabiyu za ka je ko kurkuku?"

Na yi masa dariya, na ce ilimi ne ba ya da shi. (Har yau in ya tuna wannan maganar sai ya kira ni a waya don kawai ya maimaita min ita.)

Na isa Paris lafiya lau, da sauran lokaci a hannuna. Ina tafiya cikin tashar sai na hango babbar riga ruwan toka da jar dara, mai su yana fama da wasu manyan akwatuna biyu. Alhaji Sanda ne, aminin mahaifina, ɗan kasuwa a Damagaram, mutumin da ya yanka ragon sunana da hannunsa. Na ajiye jakata gefen wani benci, na rusuna, na ba shi hannu biyu.

"Kai, ɗan Malam! Kai ne nan? Ina gajiya? Ina sanyi? Ina karatu? Ina labarin gida?"

Muka bi gidanmu ɗaki-ɗaki, muka bi nasa, muka gaida marasa lafiya, muka yi wa matattu addu'a. Sannan ya ce, "To madalla, Allah ne ya kawo ka. Kama min kayan nan mu tahi wajen taksi, Porte de la Chapelle za ni, gidan ɗan ƙanena."

Ga inda hankalina ya bar ni. Akwatuna biyu, hannuwa biyu, kowane akwati kamar an cika shi da duwatsu, ɗayan ma tayarsa ta karye. Jakata ba ta da igiyar ratayawa. Hannun Alhaji kuwa babu komai sai carbi. Abin da kowane ɗan Faransa zai yi shi ne ya ce, "Riƙe min wannan." Ni bakina ya ƙi. Ta yaya zan miƙa wa sa'an ubana kayana ya ɗauka? Na ji muryar mahaifiyata a kunnena tun kafin in buɗe baki. Na tura jakar ƙarƙashin bencin da ƙafa, na ce a raina yanzu zan dawo. Shekara nawa ina jin lasifikar tasha tana gargaɗi a kan kayan da aka bari ba mai su, har na haddace, amma a ganina da wasu ake.

Layin taksi dogo ne. Alhaji ya ce in tsaya in yi wa direba bayanin adireshi, don Faransancinsa na kasuwa ne. Kafin layi ya zo kanmu ya tuna bai tambaye ni labarin aure ba. Ina cikin ba shi amsa sai na ga mutane na tuɗaɗowa daga cikin tashar, ana kora su waje, an tsayar da motoci. Sai na tuna da jakata. Na saki akwatin da ke hannuna na ruga.

An ja jan zare an kewaye wajen bencin, ba kowa a ciki sai wani mai kwance bam cikin kaya masu kauri kamar katifa. Na kutsa gaban jama'a ina ɗaga hannu. "C'est à moi! Tawa ce, jakata ce!"

Wata 'yar sanda ta matso, fuskarta ba annuri. Ta tambaye ni me ke ciki. To ni mutum ne da ya yi wata da watanni yana jiran a yi masa wannan tambayar. Maimakon in ce abin wasa ne, sai na gyara tsayuwa na ce samfurin jirgin yaƙi ne mai ɗauke da torpil, har na fara bayanin fukafukai. Ta katse ni. Ta ce na'urarsu ta nuna dogon gwangwani da batir da wayoyi, shin abin yana aiki?

Jama'a, alfahari ne ya kashe ni. Na ce, "Ƙwarai kuwa, yana aiki! Da wannan ake sakinsa." Na sa hannu a aljihu na zaro rimot.

Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Na dai ji ihu, na ji haɓata ta daki siminti, kwat ɗin Bulus ya yage daga kafaɗa. Kuncina a ƙasa, ina kallon takalman mutane da wayoyinsu a sama suna ɗauka, na ji wani ƙara, fam! Sun fasa jakar. Aikin da na yi kusan shekara ina yi, ina hana kaina barci da nama, ya tashi a gaban idona.

Da suka miƙar da ni suka tambayi dalilin da na bar jakar. Na ce wani dattijo na taimaka wa da kaya, ga shi can. Alhaji Sanda yana tsaye bayan zaren da akwatunansa, jar dararsa ta fi kowa fitowa. 'Yar sandar ta ja ni har gabansa ta tambaye shi ko ya san ni.

Ya kalle ni daga sama har ƙasa. Ya ce da ita, "Connais pas." Bai san ni ba ke nan. Ya yi nuni da akwatunan, ya kwaikwayi ɗaukar kaya, alamar ɗan dako ne kawai ya samu a tasha. Sannan ya sunkuyar da kai kamar mai jan carbi, ya ce da Hausa a hankali, "Yaro, kar ka sa ni ciki, bizata ta kwana kaɗan ce."

Faɗuwar ba ta yi min zafi kamar wannan ba.

Sai da yamma suka sake ni, bayan malamina ya yi musu bayani ta waya. Suka miƙo min leda da ragowar jirgin a ciki: tsummokaran yadi, karyayyar farfela, da fiffike guda. A jirgin komawa Lyon na gwada maƙalar fiffiken, ta naɗe ta buɗe sumul. Ba wanda zan nuna wa. Washegari na kira kamfanin, matar da ta ɗauka ta saurare ni da ladabi ta ce sun riga sun ɗauki wani.

Bayan 'yan makonni mahaifiyata ta kira. Na ɗauka jaje za ta yi min. Ashe Alhaji ya koma gida ya kai ƙarata.

"Mi ya same ka a ƙasar nan? Alhaji ya ce ka yar masa da akwati a bakin titi ka ruga, ko sallama babu. Haka muka tarbiyyantar da kai? Ka kira shi ka ba shi haƙuri."

Na kira shi. Na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, yaro ne ni.

Don kada takardar zamana ta mutu, na sake yin rajistar wani karatun da ba na so, kuma da rana ina aiki a wani ɗakin ajiyar kaya kusa da Vénissieux, ina loda kwalaye a mota. Fiffiken yana kan teburina. Na yi shekara ina rubuta cewa jirgin da ya sauko ƙasa, ya rage gudu, ya ɗauki nauyin da aka ɗora masa, shi ake fara harbowa, ban gane da ni ake ba. Yanzu in na hango babbar riga a tasha, daga nesa nake gaisuwa, jakata a rungume a ƙirji. Alhaji Sanda dai bai yi ƙarya ba, ɗan dako ne ni. Bambancin kawai, yanzu in na ɗauki kaya ba wanda ke cewa in ba shi haƙuri.