Igiya Ta Tsira, Iyafis Ya Tafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnen dama mai cike da auduga, Injiniya, mai zana wa mutane gidaje a kusurwar falonsa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar amininsa, iyafis ɗinsa na jin waƙa a kunne, mai igiyar cirewa. Marigayin ya bar duniya ranar Asabar da hantsi a hannun fankar falo, a gaban matar gidan da ƙaninta da wani babban akwati da ke jingine a bakin ƙofa. Babu wanda ya yi kuka a cikinsu.

Marigayin ya shigo gidan nan shekara shida da suka wuce, kwance cikin ɗan kwali mai laushin ciki da ya fi katifar mai shi daɗin kwanciya. Ba ya cikin zuriyar nan ta bakin titi da ake saye da safe a yi makokinta da la'asar. Ɗan babban gida ne. Yakan zauna a ramin kunne kamar da shi aka haifi mutum, igiyarsa ta lanƙwasa ta bayan kunne a hankali, ba ta cizo, ba ta gogar wuyan riga ta cika wa mutum kai da ƙaraf-ƙaraf. In ya buɗe murya, ana jin numfashin mawaƙi kafin ya ɗauki baiti. In ya rufe kunne kuwa, duniya ce ya rufe baki ɗayanta: injin maƙwabci, mai tallan ruwa, kukan yara, da duk wata magana da ta fara da "Baban yara".

Babbar baiwarsa ita ce bai taɓa yarda ya mutu tare da kowa ba. A gindin kowane ɓangarensa akwai ɗan mahaɗi inda igiya ke shiga. In wani abu ya fizge ta, sai marigayin ya ce "ƙas", ya sake ta, ta tafi ta gamu da ajalinta ita kaɗai. Igiyoyi huɗu suka riga shi. Hannun ƙofar banɗaki ya shaƙe ta farko. Ta biyu tayar kujera ta bi ta kanta, ta dawo ta sake bi don ta tabbatar. Ɓera ya fara cin ta uku daga tsakiya, ya bar kai da ƙafa. Ta huɗu an same ta gida biyu a kan tebur, kusa da almakashin ɗinkin matar gidan, kuma har yau ba a gano wanda ya yi aika-aikar ba. A duk waɗannan rashe-rashe marigayin bai rasa ko kwana ɗaya na aiki ba. Akan zare gawa, a soka sabuwa, kiɗa ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Bayan ta huɗu ne Injiniya ya yi rantsuwa ya sayo igiya ta biyar, kitsattsiya kamar bulalar doki, wadda mai shagon ya ce ko mota ta lalace za a iya janta da ita. Mai makoki yana so a shaida cewa mai shagon nan bai yi ƙarya ba.

An san marigayin da son zaman lafiya. A zamaninsa ba a taɓa jin Injiniya ya yi musu da iyalinsa ba. Duk abin da aka faɗa masa, yakan ɗago ido, ya yi murmushi, ya gyaɗa kai daidai da bugun ganga. Da wannan gyaɗa kan ya amince a sauya wa yara makaranta, ya amince a sayar da tsohon firji, ya amince da launin labulen da ya tsana. Da shi kuma ya amsa wa matarsa ranar da ragar fanka ta ɓalle ta faɗi, ta ce, "Baban yara, fankar nan tsirara take. A mayar mata da ragarta kafin ta yanke wani." Ta maimaita a watan da ya biyo, da wanda ya bi shi, har damina ta zo ta wuce. Kowane karo ya amince da zuciya ɗaya. A daren Juma'ar ƙarshe ma, da ta tsaya a kansa ta ce ta gaji da auren bango, gobe ƙaninta zai zo ya ɗaukar mata akwati, ya amince, har da ɗaga babban yatsa.

Rashin lafiyar marigayin ta samo asali ne daga yawan yabo. Babu baƙon da ya taɓa zama a falon nan bai ga nunin ba. Kafin a kawo ruwa, Injiniya ya zare igiya, ƙas, ya mayar, ƙas, ya ce, "Ka gani? Wannan shi ake kira ilimi." Mai kawo takardar wuta ya gani. Surukarsa ta gani sau uku. A hankali mahaɗin ya saki jiki, "ƙas" ɗin nan mai ƙarfi ya koma "fit", sannan ya daina cewa komai. Ɓangaren dama ya fara faɗuwa ba da izini ba, sau ɗaya cikin kofin shayi, sau ɗaya cikin aljihun wani bawan Allah a motar haya.

A nan aka kira likita na farko, ƙanin matar gidan, mai gyaran wayar salula, wanda abokan sana'arsa ke kira Sha-Yanzu. Ya juya majinyacin a tafin hannu, ya hura masa iska, ya ce, "Yaya, wannan ai ba ciwo ba ne. Ku 'yan boko komai sai kun kai shi asibiti." Ya ciro gam ɗin nan sufa-gulu daga aljihu, ya ɗiga a dama, ya ɗiga a hagu don kada ta ji haushi. "Shi ke nan. In wannan ya sake cirewa, ka canja mini suna." Injiniya, mai digiri biyu, wanda ya sayi abin nan musamman don yana cirewa, ya ja igiyar ya ji ta zauna daram, ya yi godiya, har ya raka shi bakin ƙofa.

Ranar da abin zai faru, ana zafi. Fankar tana tsaye kusa da teburin zane, a lamba ta ƙarshe, fukafukanta na ƙarfe a waje. Sha-Yanzu ya iso ɗaukar akwati. Matar gidan ta yafa mayafinta. A daidai lokacin fensir ya gangara ƙarƙashin tebur, Injiniya ya sunkuya. Shaidu sun tabbatar cewa ta yi ihu, "Baban yara, fanka!" Sun kuma tabbatar cewa ya gyaɗa kai.

Fiffike na farko ya kamo igiyar. Na biyu ya naɗe ta a wuyan injin. Igiyar banza da tuni ta tsinke, an share, an sayo wata. Wannan ba ta banza ba ce. Mahaɗin da aka halitta don irin wannan ranar ya nemi ya ce "ƙas", ya tarar an ɗinke masa baki. Sai fankar ta fara cin igiya tana jawo sauran, sauran kuwa har da Injiniya. Lanƙwasar nan mai taushi ta bayan kunne ta zama ƙugiya. Kansa ya bugi gefen tebur, gwiwarsa ta tafi da kujera, kofin shayi ya tashi ya watse a kan zanen gidan wani ɗan kasuwa mai hawa biyu. Fanka ta kife a kansa tana gurnani tana harbin iska kamar ragon da aka yanka bai gama mutuwa ba. Ɓangaren dama ya fito daga kunne tare da ɗan abin da ya samu na fata, ya shiga tsakanin fukafukai, aka ji ƙarrr, aka ji fas. Kayan cikinsa, waɗanda injiniyoyin wata ƙasa suka jera da madubin ƙara girma, suka tarwatse har cikin takalman da ke bakin ƙofa. Ɓangaren hagu ya yi ta zagaye a bakin igiya yana dukan ƙasa, tas, tas, tas, har sai da matar gidan ta tsallake mijinta ta zare fulogi.

Abin ƙarshe da marigayin ya furta wani siririn "tsiii" ne. Abu na farko da Injiniya ya ji da kunnensa tsirara cikin shekara shida muryar matarsa ce, tana danne masa kunne da gefen mayafinta.

"Kana jina?"

"Ina ji."

"Me na ce?"

"Kin ce ina jinki."

Ta dubi ƙaninta ta ce, "Ajiye akwatin nan tukuna. Je ka samo mota mu kai shi asibiti."

Sha-Yanzu, kafin ya fita, ya zare igiyar daga wuyan fanka, ya duba mahaɗan biyu, ya ga kowanne na nan manne da ɗan guntun gawar da ya rage masa. "Yaya, ka dai gani," in ji shi. "Gam ɗina bai saki ba."

Marigayin ya bar igiya ɗaya, lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ya bar robobin kunne manya da ƙanana da ba a taɓa sawa ba, da kwalinsa, da waƙoƙi masu yawa da yanzu ba su da mai kai su. Ya bar ɗinki biyar a kunnen mai shi, da umarnin likita na biyu, na gaske, cewa kada a cusa komai a wurin sai ya warke. Ya kuma bar magana ta shekara shida, wadda matar gidan ta ce za ta faro daga farko, a tsanake, kuma za a riƙa yin tambayoyi a ƙarshen kowane zama. Zuwa lokacin rubuta wannan sanarwa an kai batun firji.

Za a binne abin da aka iya tsincewa na marigayin gobe da safe a aljihun tebur na ƙasa, kusa da igiyoyinsa huɗu. Ta biyar ba za ta samu halarta ba, tana bakin aiki: da ita Injiniya ya ɗaure ragar fanka da hannunsa, ba tare da an maimaita masa ba, kuma ta riƙe gam.

Za a karɓi gaisuwa a falo. Ana roƙon masu zuwa su zauna ta hagun mai makoki, su kuma kula da bakinsu, domin yanzu duk abin da aka faɗa yana ji. An yafe wa Sha-Yanzu zuwa. Akwatin da ke bakin ƙofa a zagaye shi, kada a matsar. Mai shi ba ta buɗe shi ba, ba ta kuma ce a fita da shi ba. Duk wanda tausayi ya kama har ya yi niyyar kawo wa mai makoki sabon iyafis, matar gidan ta ce babu laifi, ya kawo, amma ya taho da mota mai babban but ɗin da zai ɗauki akwatinta.