Birkin Angurya da Kifin Lagdo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya kare bincikena a Garwa ba, duk da na yi iyakar ƙoƙarina in manta.

Aikina na kammala digiri na biyu a kan fatar birkin babur ne, abin nan da bakanike ke kira filaket. Na ce me zai sa mu riƙa jiran na waje, alhali ga ɓawon angurya jibge a Pitowa? Sai na riƙa niƙa shi, in kwaɓa da danƙo da garin ƙarfe, in matse shi ƙanana kamar ƙwayar magani. A labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, akwai inji mai faifan ƙarfe da ke juyawa. Ka danna ƙwayar a kansa, kwamfuta ta nuna maka ƙarfin kamun da ta yi. In kamu ya yi yawa, birki ne. In ya yi kaɗan, kabari ne.

Wata huɗu ina gwaji, sai na lura da wani abu. Da safe ƙwayoyin na kama faifai gam. Bayan azahar kuwa sai su riƙa zamewa. Kullum haka, ba fashi. Nan take na yanke cewa zafin rana ne ke sassauta danƙon, na zauna na rubuta babi guda a kai, har da zane masu launi. (Na ma raɗa wa abin suna da Faransanci. Ba zan faɗa ba.)

Mai kula da injin, Musye Dawai, dattijo ne ɗan kan dutse, ba ya son yawan magana. Sau biyu ya miƙo mini safar hannu, sau biyu na ce masa zafi ya yi yawa, kuma ni mai tsafta ne. Ya mayar da ita aljihun tebur. A raina na ce mutumin da bai yi jami'a ba, ina zai gane zurfin abin da na gano.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne Dada Asta, mai soya kifin tafkin Lagdo a ƙofar makaranta. Kullum bayan azahar ina wurinta. Karfasa biyu, yaji, albasa, in ɗauraye hannu da ruwan buta, in goge a wando, in koma in ɗauki ƙwayoyina da yatsu.

An sa kare binciken ƙarfe biyu na rana. In na faɗi, sai zango na gaba, wato shekara ta tafi ke nan. Kawu Sani, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami kuma yake sayar da kayan babur a kasuwa, ya zo cikin babbar riga, bayan ya gama shaida wa duk layinsu cewa ɗansa ya ƙera birki. Ni kuma, don in samu ƙarfin zuciya, na biya wurin Dada na ci karfasa uku.

Bayanin ya tafi daidai. Shugabar alƙalan, wata farfesa mai farin gilashi, ta ce birki a kan gangaren Banyo yana yin zafin da ya ninka na ɗaki nesa ba kusa ba, to yaya ɗan bambancin safe da rana zai dame shi? Na yi murmushin mai ilimi, na ce a zo labo a gani da ido. Ni da bakina na gayyace su.

Na ɗauki ƙwaya, na shafa faifan da tafin hannu wai ina share ƙura, na kunna. Layin kwamfuta ya yi ƙasa kamar yadda na yi alkawari. Na juyo ina jiran yabo. Faifan ya fara ɗumi. Sai na ga hancin farfesa yana motsi, na kusa da ita ma ya leƙa taga yana neman inda ake suya. Ni ban ji komai ba, domin hancina ya saba.

Ta yago farar takarda ta ajiye a gabana.

"Ɗora babban yatsanka a nan."

Na ɗora. Da na ɗaga, ga tambarin mai ya fito sarai, har ana hango tebur ta cikinsa.

"Me ka ci da rana?"

"Kifi, Madam."

"Jiya fa?"

Sai Musye Dawai ya buɗe aljihun tebur, ya sa safar nan, ya wanke faifan da sinadarin alkol mai cire maiƙo, ya ɗauko sabuwar ƙwaya da hantsaki. Ƙarfe uku saura, rana na tsakiyar dukanta, layin ya tashi ya tsaya daidai inda yake tsayawa da safe. Kunya ta rufe ni. Wata huɗu ina auna man gyadar Dada Asta.

Kawu, wanda Faransancinsa na ciniki ne kawai, ya matsa kusa da Musye Dawai ya tambaye shi da Hausa ko birkin ne ba ya ci.

"Birki yana ci, Alhaji," in ji shi. "Yaron ma yana ci."

An ɗage ni zuwa zango na gaba. Na cire babin nan, na sake gwajin tun daga farko da safa a hannu, gumi na zuba, kuma sakamakon ya fi na da kyau. Musye Dawai bai taɓa tayar da zancen ba, abin da ya fi zagi ciwo. Kawu kuwa har yau in na shiga shagonsa sai ya janye kwalin filaket daga gabana, ya tambaya ko na ci abinci.

Abin da na koya shi ne, in ka gano wani abin mamaki da duk masana duniya suka kasa ganowa, kafin ka raɗa masa suna, fara neman sabulu.